Yadda Ake Gane Aikin Kyamara: Daga Kwali Mai Rami Zuwa Sarrafa Haske da Hannunka

Duk kyamarar da aka taɓa ƙerawa, tun daga akwatin katakon mutanen da har zuwa wadda ke bayan wayarka, abu uku ne suka haɗa ta: wuri mai duhu, ƙofar da haske zai shigo, da abin da zai kama hasken idan ya shigo. Sauran duk gyara ne da ƙari. Mutane da yawa suna mallakar kyamara mai kyau amma su bar ta tana yanke wa kanta hukunci. Hoto ya fito tar su yi murna, ya fito dishi-dishi su rasa dalili. Abin yana damuna, saboda ilimin da ya rage musu bai wuce aikin yini ɗaya ko biyu ba. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce mutum ya fara haɗa kyamara da hannunsa, ya ga hoto ya tsaya a gabansa ba batir ba manhaja, sannan ya ɗauki ta zamani. Matakan da ke tafe haka suka jeru, kuma kusan haka tarihin ɗaukar hoto shi ma ya jeru.

Mataki na ɗaya: haɗa akwati mai duhu

Nemi kwali irin wanda ake sako takalmi a ciki, da takardar alminiyom, da farar takarda mai shara-shara wadda haske ke ratsawa, da allura, da almakashi, da baƙin salatif. Shafe cikin kwalin da baƙin fenti ko ka liƙe shi da baƙar takarda. Idan ka bar cikin da launi mai haske, hasken da ya shigo zai riƙa yawo daga bango zuwa bango ya dusashe maka hoton.

A ɗaya daga cikin ƙananan ɓangarorin kwalin, yanka 'yar taga mai faɗin santimita 2, ka rufe ta da takardar alminiyom, ka manne gefunanta. Huda tsakiyarta da tsinin allura a hankali, kana murza allurar tsakanin yatsu biyu. Kada ka soka da ƙarfi, rami zagayayye mai santsin baki ake so. A ɓangaren da ke fuskantar wannan ramin, yanka babbar taga ka shimfiɗa farar takardar a kanta ba tare da ta yamutse ba. Mayar da murfin, ka bi duk wata kafa da salatif.

Yanzu tsaya a inuwa ko cikin ɗaki, ka juya ramin wajen abin da rana ta haska sosai, kamar bishiya ko gini. Lulluɓe kanka da bayan kwalin da baƙin zane mai kauri, ka ba idonka minti ɗaya ko biyu ya saba da duhun. Sannu a hankali bishiyar za ta bayyana a jikin takardar, da launinta, ganyenta na kaɗawa, amma kanta a ƙasa gindinta a sama, abin da ke dama kuma ya koma hagu. Gargaɗi ɗaya: kada ka taɓa leƙa rana da idonka ta cikin ramin ko ta cikin gilashi.

Dalilin kifewar shi ne haske a miƙe yake tafiya. Hasken da ya baro saman bishiya ya ratsa ramin, ba shi da wurin sauka sai ƙasan takardar, na gindin kuma sai sama. Mabiya masanin nan na ƙasar Sin, Mozi, sun rubuta wannan fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Wanda ya zauna ya gwada abin filla-filla shi ne Hasan Ibn al-Haytham, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya yi aikinsa a Alƙahira ya rubuta Kitab al-Manazir tsakanin 1011 da 1021. Ya jera fitilu a wajen wuri mai duhu, ya ga kowace ta jefa nata ɗigon hasken a bango ta kafa ɗaya, idan aka rufe fitila guda ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Kai ma gwada wannan da daddare da kyandir uku. Kare na hagu da tafin hannu, za ka ga ɗigon dama ne ya mutu a takardarka. Da irin wannan gwaji ya kafa hujjar cewa haske ne ke shigowa ido, ba ido ke fitar da haske ba kamar yadda masana da yawa kafinsa suka ɗauka.

Mataki na biyu: sauya girman ramin, sannan ka sa gilashi

Shirya takardun alminiyom guda uku, ɗaya mai ramin allura, ɗaya mai ramin ƙusa, ɗaya mai rami kamar kaurin fensir. Ka riƙa sauya su kana duba takardar. Babban rami zai ba ka hoto mai haske amma hazo-hazo. Ƙaramin rami zai ba ka hoto mai kaifi amma da kyar ake ganinsa. Idan kuma ramin ya yi ƙanƙanta fiye da kima, hasken yakan bazu a bakinsa, kaifin ya sake lalacewa. Ga kwali mai tsawon santimita 10, ramin da ya fi kaifi bai kai rabin milimita ba.

Wannan cinikin, na ba da kaifi a karɓi haske, shi ne matsalar da gilashi ya zo ya warware. Samo gilashin ƙara girman rubutu. Tsaya cikin ɗaki ka fuskantar da shi wajen taga, ka riƙe farar takarda a bayansa, ka riƙa matsar da ita gaba da baya. A wani wuri guda tagar za ta fito tar a kife, da hasken da ya ninka na ramin allura nesa ba kusa ba. Gilashin ya tattaro hasken da ya faɗo a duk faɗinsa ya haɗa shi a ɗigo ɗaya. Matsarwar da kake yi ita ce saitin da ake kira fokas, kuma abin da ƙaramin inji ke yi kenan a cikin wayarka duk lokacin da ka taɓa fuskar mutum a allo. Tazarar da ke tsakanin gilashin da takardar sa'ad da abu mai nisa ya fito tar, ita ce lambar da ake rubutawa a jikin gilashin kyamara, kamar 24mm ko 50mm ko 200mm. Ƙaramar lamba tana ɗibar fili mai faɗi, babba tana jawo abu mai nisa.

Yanka kwali mai rami ka kare gefunan gilashin, ka bar tsakiyarsa kaɗai. Hoton zai ɗan yi duhu amma ya ƙara kaifi, na kusa da na nesa su fito tare. Daniele Barbaro, mutumin Benis a Italiya, ya bayyana wannan dabara a littafinsa na 1568, kuma har yau ita ce a cikin kowane gilashin kyamara.

Mataki na uku: san abin da ke kama hasken

Hoton da ke cikin kwalinka yana tafiya da zarar ka sauke shi. Ɗaruruwan shekaru a nan aka tsaya: masu zane suna bin layin hoton da fensir, amma babu mai iya tsayar da shi. Don ka ga mafitar da idonka, ɗora makulli a kan takarda mai launi ka bar ta a rana na 'yan kwanaki. Takardar za ta koɗe, siffar makullin ta rage. Haske yana sauya abu. Aikin da ya rage shi ne a samo sinadarin da ke sauyawa da sauri, a kuma san yadda za a tsayar da shi kada ya ci gaba.

Nicéphore Niépce, Bafaranshe, ya shafa wani nau'in kwalta a kan faifan ƙarfe, ya sa shi cikin kyamara ya ajiye a tagar gidansa da ke Le Gras a 1826 ko 1827. Inda haske ya taɓa, kwaltar ta taurare, sauran ya wanke. Faifan ya sha haske na aƙalla awa 8, shi ya sa rana ta haska gine-ginen ta ɓangarori biyu. Wannan shi ne hoton kyamara mafi tsufa da ya rage a duniya, yana Jami'ar Texas a birnin Austin. Abokin aikinsa Louis Daguerre ya koma ga faifan jan ƙarfe mai rufin azurfa, yana turara shi da aidin, bayan ɗauka kuma ya fito da hoton da tururin zaiba. Lokacin ya sauko zuwa mintuna. A ranar 19 ga Agusta 1839 aka bayyana wa jama'a sirrin a Paris, shi ya sa ake bikin ranar ɗaukar hoto ta duniya a wannan rana.

Kowane hoto irin na Daguerre guda ɗaya ne tak, ba a iya kwafarsa. A Ingila William Henry Fox Talbot ya bi wata hanya: takarda mai sinadarin azurfa da ke ba da hoto a juye, fari ya zama baƙi, wanda daga shi ake wanke kwafi ko nawa ake so. Ya yi rajistar dabarar a 1841, kuma a ganina ita ce ta fi tasiri, tun da duk zamanin fim a kanta ya ginu. A 1851 Frederick Scott Archer ya kawo faifan gilashi mai danshi wanda dole a ɗauka a wanke kafin ya bushe, har Roger Fenton ya ja keken doki mai ɗakin duhu zuwa yaƙin Kirimiya a 1855. George Eastman ya sauke wa mutane wannan nauyi a 1888 da kyamarar Kodak mai fim na hoto 100 a ciki. Idan ya ƙare sai ka aika kyamarar gaba ɗaya zuwa kamfanin a birnin Rochester na Amurka, a wanke hotunan a sa sabon fim a dawo maka da ita. Kyamarar Leica ta 1925, ƙirar Oskar Barnack, ta kafa girman fim na milimita 24 da 36, girman da har yanzu ake auna kyamarori da shi.

A yau sensa ce ta maye gurbin fim. Faifan silikon ne mai miliyoyin ƙananan gurabe, kowane gurbi yana mayar da hasken da ya faɗo masa ya zama lantarki, a ƙirga shi a rubuta lamba. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro ta farko mai suna CCD a cibiyar binciken Bell Labs ta Amurka a 1969, suka sami kyautar Nobel a 2009. Steven Sasson, injiniyan Kodak, ya haɗa kyamarar dijital a 1975 mai nauyin kilo 3.6 da fiksel, wato guraben sensa, 10,000 kacal, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya baƙi da fari a kaset. Kamfanin bai rungumi abin da ya fito daga cikin gidansa da wuri ba, a 2012 ya nemi kariyar kotu saboda karyewar jari. Sensar da ke cikin wayarka irin CMOS ce, wadda Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a hukumar NASA a farkon shekarun 1990.

Ga abin da ba kowa ya sani ba: sensa ba ta ganin launi, yawan haske kawai take ƙirgawa. Bryce Bayer ne ya tsara wani rufi mai ƙananan tagogi masu launi da ake ɗora mata, aka ba shi rajista a 1976. Cikin kowane gurbi huɗu, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, saboda idon mutum ya fi jin kore. Kowane gurbi launi ɗaya yake gani, sauran biyun kuma kyamara ce ke lissafo su daga maƙwabtansa. Ashe tun daga tushe, kashi biyu cikin uku na launin hoton dijital lissafi ne. Riƙe wannan, zai yi amfani a mataki na ƙarshe.

Mataki na huɗu: karɓi ragamar daga hannun kyamara

Juya maɓallin da ke saman kyamara zuwa harafin M. A waya, nemi sashen da aka rubuta Pro a manhajar kyamara, idan babu ka sauke manhajar da ke ba da wannan dama. Abu uku za ka riƙa taɓawa.

Na farko ƙofar haske, wato ramin kwalinka da ya zama mai buɗewa da tsukewa. Tsaya gaban madubi cikin duhu ka kunna fitila, ka ga yadda baƙin tsakiyar idonka ke tsukewa. Aikin ɗaya ne. Ana rubuta ta da harafin f: f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Abin da ke rikita masu koyo shi ne babbar lamba ƙaramar ƙofa take nufi. Dalili kuwa rabawa ce: gilashin 50mm a f/2 ƙofarsa milimita 25 ce, a f/16 kuwa ta ɗan haura milimita 3. Duk tsallake ɗaya a wannan jeri yana rage hasken da rabi. Yawancin wayoyi ƙofarsu a kafe take ba ta motsi, don haka mai waya abu biyu kawai zai sarrafa.

Na biyu labule, abin da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa. Ana auna shi da tsawon lokacin da ya yi a buɗe: 1/30, 1/60, 1/125, 1/250, 1/500, 1/1000 na daƙiƙa. Nan ma kowane tsallake rabin hasken ne.

Na uku ISO: 100, 200, 400, 800, 1600, zuwa sama. Shi ba ya ƙara hasken da ya shigo ko kaɗan, ƙarfafa ɗan abin da sensa ta samu yake yi. Shi ya sa hoton da aka ɗauka da ISO mai yawa ke fitowa da tsaki-tsaki, musamman a wurare masu duhu. Laifin na ƙarancin haske ne.

Tun da dukkansu da ninki biyu ko rabi suke tafiya, kana iya ɗaukar tsallake ɗaya daga wannan ka ba wancan, hasken hoton bai sauya ba. Fita da rana tsaka, sama ba girgije, ka sa ISO 100, f/16, 1/125, ka ɗauki abin da rana ta haska. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce ta masu fim, kuma har gobe tana aiki. Sai ka sake ɗauka a f/11 da 1/250, sannan f/8 da 1/500, sannan f/5.6 da 1/1000, sannan f/4 da 1/2000. Haskensu duka ɗaya zai zo. Idan akwai ɗan girgije, fara daga f/11 a maimakon f/16. Idan hadari ya rufe rana, f/8 ko f/5.6.

Mataki na biyar: zaɓi abin da kake so ya fito

Hasken hotunan nan ɗaya ne amma kamanninsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne aikin mai hoto yake. Jera kwalabe uku a layi, tsakanin kowace da 'yar'uwarta taku ɗaya, ka saita fokas a ta tsakiya. A f/2.8 ita kaɗai za ta fito tar, ta gaba da ta baya su narke. A f/11 duk ukun za su fito. Idan fuskar mutum ɗaya kake ɗauka, buɗe ƙofar ka saita a kan idon da ya fi kusa da kai. Idan taron mutane ne sahu-sahu, tsuke zuwa f/8 ko ka bar na baya cikin hazo.

Sai labule. Buɗe famfo ka ɗauki ruwan a 1/1000, za ka ga ɗigo-ɗigo sun tsaya cak a iska. Ɗora kyamarar a kan mazauninta mai ƙafa uku ko tebur, ka ɗauka a 1/4, ruwan zai zama farin zare mai santsi. Tarihi yana da hoto guda ga kowane ɓangare. A hoton da Daguerre ya ɗauka na titin Boulevard du Temple a Paris a 1838, titin ya fito wayam duk da cunkoson kekunan doki da masu tafiya, saboda babu wanda ya tsaya tsawon mintunan da faifan ke shan haske. Sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, shi ya fito, ƙafa ɗaya a ɗage. Shekara 40 bayan haka, a 1878, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Palo Alto da ke Kalifoniya, ya nuna cewa doki mai sukuwa yakan ɗage ƙafafunsa huɗu daga ƙasa lokaci guda, abin da ido bai taɓa iya tabbatarwa ba.

Idan da hannu kake riƙe kyamara, kada lambar labule ta gaza lambar gilashinka: a 50mm kada ka sauka ƙasa da 1/60, a 200mm kada ka sauka ƙasa da 1/250. Manna gwiwar hannu a jikinka, ka saki numfashi, sannan ka danna a hankali. Mai tafiya yana buƙatar 1/250, mai gudu 1/500 zuwa sama. Tsarin da nake bi shi ne in fara yanke shawarar ƙofa da labule bisa abin da nake son gani, sannan in ɗaga ISO har hasken ya isa. Hoto mai tsaki-tsaki ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi kenan.

Mataki na shida: kada ma'aunin haske ya yaudare ka

Kyamara tana da ma'aunin da ke ɗauka cewa duk abin da ke gabanta, idan aka gauraya shi, toka-toka ne matsakaici. Gwada ta: cika allon da farar takarda ka ɗauka a tsarin da take saita kanta, sannan ka cika shi da baƙin zane. Duka biyun za su fito kusan ruwan toka. Maganin shi ne maɓallin da ke da alamar +/-. Ga wuri mai yawan fari ƙara +1, ga mai yawan duhu rage -1. A waya, taɓa allon ka ja 'yar alamar rana sama ko ƙasa.

Wannan ya fi shafar mai ɗaukar mutum mai duhun fata, musamman cikin fararen kaya ko a gaban taga. Ma'aunin yana bin farin, fuskar ta nutse. Matsalar tsohuwa ce: shekaru da dama ɗakunan wanke hoto suna daidaita launi da katin Kodak mai hoton mace farar fata, sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Google ma sai a 2021 ta fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6. Kada ka jira kamfani. Juya mutumin ya fuskanci hasken, ka kai shi bakin inuwa inda haske ke da laushi, ka auna daga fuskarsa, ka sa wani ya riƙe farin kwali a gefen da ya yi duhu ya mayar masa da haske. Fata mai duhu tana fito da ƙyalli mai kyau idan hasken ya zo daga gefe kuma daga wuri mai faɗi, filashar kan kyamara kuwa ɓata wannan take yi. Idan launin ya karkata zuwa ruwan ɗorawa ƙarƙashin ƙwan lantarki, sauya saitin daidaita launi, wanda aka rubuta WB, har farar takarda ta fito fara.

Mataki na bakwai: gano abin da waya ke ƙarawa, ka ajiye asalin hotonka

Sensar yawancin wayoyi tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, saboda haka hasken da take tarawa kaɗan ne. Tun da aka fara sa kyamara a waya a Japan, da Kyocera a 1999 da Sharp a 2000, wannan ƙarancin ake ta yaƙa, kuma lissafi ne ya ci yaƙin. Da daddare ɗauki titi sau biyu, ɗaya a sashen Pro, ɗaya a tsarin dare. Na biyun ya fi tsabta ne saboda wayar ta ɗauki hotuna da yawa a jere, ta daidaita su, ta haɗe su wuri ɗaya. Sai ka ɗauki mutum a tsarin da ke narkar da baya, ka buɗa hoton sosai wajen gashi ko gefen tabarau. Za ka ga inda manhajar ta yanka ba daidai ba, domin ba gilashi ne ya narkar da bayan ba, zato ta yi.

Gaba ta wannan hanya ta nufa. Sensa tana ƙara sauri: a Nuwamba 2023 Sony ta sanar da kyamarar a9 III mai karanta dukkan guraben sensa lokaci guda, wanda ke kawar da lanƙwasar da kake gani a fukafukan fanka idan ka ɗauka da waya. Tana kuma ƙara girma: kyamarar cibiyar duban taurari ta Vera Rubin a ƙasar Chile tana da fiksel miliyan 3,200, an fitar da hotunanta na farko a Yuni 2025. Amma babban sauyin shi ne ƙirƙirarriyar basira tana iya haɗa abin da ya yi kama da hoto ba tare da haske ya taɓa shiga ko'ina ba. A Afrilu 2023 Boris Eldagsen, Bajamushe, ya ƙi karɓar kyautar gasar Sony World Photography Awards bayan ya bayyana cewa da ita ya haɗa hoton da ya ci. Ƙarya da hoto ba sabuwa ba ce, tun 1840 Hippolyte Bayard ya ɗauki kansa kamar gawar wanda ruwa ya ci. Sabon abu shi ne sauƙinta. An saba cewa gani ya kori ji, yanzu kuwa shi ganin ma yana neman shaida, kuma ina ganin nan gaba darajar mai hoto za ta rataya ne a kan iya tabbatar da cewa yana wurin. Shi ya sa kamfanoni irin su Adobe da Microsoft da BBC suka kafa tsarin C2PA a 2021, mai liƙa wa hoto sa hannun lantarki da tarihin gyaran da aka yi masa. Leica M11-P ta 2023 ce kyamarar farko da ta zo da shi a ciki.

Abin da za ka yi tun yau shi ne ka kunna tsarin ajiye hoto na RAW idan na'urarka tana da shi. Tsarin da aka saba, JPEG, wanda aka kafa a 1992, yana matse hoto ya zubar da wani ɓangare na bayanansa, RAW kuwa yana ajiye ƙidayar sensa kusan yadda ta zo, da damar gyara haske da launi daga baya. Daidaita agogo da kwanan watan kyamararka, saboda tare da lambobin ƙofa da labule da ISO ake rubuta su a cikin kowane hoto, kuma daga su za ka gane dalilin da wani ya yi kyau wani ya lalace. Kada ka yi gyara a kan asalin, kwafi za ka gyara. Kada ka dogara da wanda ka tura ta WhatsApp ko Facebook, sun matse shi sun kuma goge yawancin waɗannan bayanai. Ajiye asalin a wuri biyu daban, ɗaya a kwamfuta ko faifan ajiya, ɗaya a intanet, ka riƙa duba su sau ɗaya a shekara ka tabbatar suna buɗewa. Waɗanda suka fi muhimmanci a wurinka kuma ka kai a wanke maka su a takarda mai kyau, ka rubuta suna da wuri da shekara a bayansu da fensir, ka adana su nesa da rana da danshi.